Masu Saye Nawa Ne? Cinikin Gyaɗa da Auduga a Ƙasar Zamfara da Saɓanin Masana Tattalin Arziki

Wanda ya san kasuwannin ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ya san cewa layin 'yan hatsi ba ya bin umurnin mutum guda. Masu kawo gero da dawa suna da yawa, masu saye ma haka, tiya kuwa kowa yana ganinta, saboda haka wanda ya tsauwala kuɗi sai ya koma gida da kayansa. Irin wannan ce masana tattalin arziki suke kira kasuwar cikakkiyar gasa, watau inda babu wanda shi kaɗai zai iya ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Kishiyarta ita ce kasuwar babakere, inda mai sayarwa ɗaya ne tak. A tsakaninsu akwai wadda manyan kamfanoni ƙalilan suka mallake, kowanne yana lura da motsin ɗan'uwansa. Littattafan makaranta sun fi mai da hankali a kan mai sayarwa, amma tarihin wannan yanki ya fi bukatar ɗaya fuskar, watau kasuwar da masu sayarwa suke dubbai, mai saye kuwa ɗaya ko biyu. Joan Robinson ta Jami'ar Kambirij ce ta fito da wannan siffa fili cikin 1933, ta nuna cewa mai sayen da ba shi da abokin gasa yakan biya ƙasa da abin da kaya suka cancanta, ko da bai yi ha'inci a sikeli ba.

Batun ba sabo ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Fiƙihun Malikiyya ya hana ɓoye abinci don a jira tsada, ya kuma hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi. Ibn Khaldun, tun cikin ƙarni na 14, ya yi gargaɗi cewa idan sarki ya shiga fatauci da kansa talakawa ne za su cutu, baitulmali ma daga baya ya ragu. Adam Smith, wanda masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara suke ɗauka ubansu, shi ma cikin 1776 bai amince da taron 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya ba, don yana ganin ƙarshen hirarsu haɗa baki ne a kan jama'a.

Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911. Turawan mulki auduga suka so a noma domin masaƙun Ingila, amma manoma suka auna wahala da riba suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba a saya ba ana ci. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 cikin 1912 zuwa fiye da tan 19,000 cikin 1913. Babu wanda ya ba da wannan umurni, farashi ne ya yi kira manoma suka amsa, kuma masu kishin kasuwa har yau suna kafa hujja da wannan labari. Reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, daga nan ƙasar Zamfara ta shiga cinikin sosai. Gyaɗa da audugar ƙauyukan yamma sai an kai su bakin dogo a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci, kuma kuɗin wannan ɗauka daga hannun manomi yake fita.

Cikin wannan shekara ta 1929 aka haɗe manyan kamfanoni biyu aka kafa U.A.C. Ita da John Holt da wasu ƙalilan sukan shirya a tsakaninsu abin da za su biya da rabon da kowa zai saya. A ƙarƙashinsu akwai wakilai, irin su Alhassan Ɗantata na Kano, sa'an nan yaran wakilai, har zuwa ɗan awon da ke zaune da sikeli a ƙauye. Mai kallo daga nesa zai ga masu saye barkatai, alhali kuwa jarin da ke hannunsu daga aljihu biyu ko uku ya fito. Sa'ad da wani ɗan kasuwa mutumin Tarabulus, Saul Raccah, ya fara fitar da gyaɗa da kansa cikin shekarun 1930 ba tare da shiga yarjejeniyar ba, sai farashi ya motsa a Kano. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan gasa: gwamnati ta karɓi sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni kaso bisa ga abin da kowanne ya saba saya kafin yaƙi, watau ta sa hatimi a kan tsohon rabo.

Daga nan aka haifi hukumomin ciniki. An kafa ta gyaɗa da ta auduga cikin 1949, aka mai da su Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa cikin 1954. Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi a zamanin da tunanin Keynes da tsare-tsaren raya ƙasa suke tashe: farashin duniya yana hawa da sauka, hukuma za ta ajiye rarar shekarar alheri ta tallafi manomi a shekarar faɗuwa. Hukuma ce ke yanke farashi kafin kaka, wakilai masu lasin su saya da sunanta, ita kaɗai ke da izinin fitarwa waje. Mai saye ɗaya ke nan bisa doka.

A nan ne masana suka rabu. Peter Bauer da Basil Yamey sun bincika sayen gyaɗa, suka buga sakamakon cikin 1952. Sun tarar cewa a yankin Kano, inda Kwarori da attajiran gida suke gogayya da Turawa, ana biyan manomi fiye da mafi ƙarancin farashin da hukuma ta yanke, amma a yankin kogunan Kwara da Binuwai, inda kamfanoni biyu ne kawai ke saye, irin wannan ƙari ba ya samuwa. Doka ɗaya, gyaɗa ɗaya, bambancin kawai yawan masu saye. Bauer ya ɗora a kan haka ya ce hukumar ciniki haraji ce da aka sake wa suna. Gerald Helleiner ya yi lissafin shekarun 1947 zuwa 1961, ya samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manoman gyaɗa su samu an riƙe shi, tsakanin rarar hukuma da harajin fitarwa. Sai dai shi bai yanke hukunci irin na Bauer ba. Tambayarsa ita ce, ƙasar da ba ta da wata hanyar tara kuɗi, da me za ta gina hanyoyi da makarantu? Masaƙar Kaduna da aka buɗe cikin 1957 da kuɗin wannan hukuma aka sa mata jari. Amsa ce mai nauyi, ko da yake manomin Bukkuyum yana da damar tambaya ko nawa daga cikin rubu'in nan ya komo ƙauyensa.

Ɓangare na uku su ne masu bin tafarkin Marx, waɗanda muryarsu ta yi ƙarfi a Jami'ar Ahmadu Bello zamanin Yusufu Bala Usman, da marubuta irin su Michael Watts da Robert Shenton. Su a ganinsu ƙidayar masu saye ba ta isa ba, sai an tambayi abin da ya kai manomi gaban sikeli. Haraji da kaka ake karɓarsa, da tsabar kuɗi, lokacin da kaya suka fi araha. Wanda rumbunsa ya ƙare da damina ya riga ya ci falle, watau bashin da za a biya da amfanin gona, don haka ko masu saye goma ne a kasuwa shi ɗaya ne nasa. Wannan magana gaskiya ce, kuma littattafan gasa sukan tsallake ta. Rauninta shi ne maganin da ta fi karkata gare shi, ƙarin hannun hukuma, shi ne wanda aka riga aka gwada.

Ƙarshen gyaɗa bai jira a gama muhawara ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa cikin 1975, da kuɗin man fetur da ya sa gwamnati ta daina dogara ga manomi, suka haɗu suka share dalar gyaɗa ta Kano. Inda farashin hukuma ya yi ƙasa, manoma sukan sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da mai, ko kaya su ƙetare iyaka, ko a shuka dawa a huta. An sake fasalin hukumomin cikin 1977, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta rushe su cikin 1986, bisa shawarar Bankin Duniya. Ra'ayin Bauer ya yi nasara bayan shekara talatin da 'yan kai. Masu sayen auduga suka yawaita, aka riƙa biyan manomi nan take. Amma hukumar da ta tafi ita ce ke raba iri mai kyau da tantance daraja, kuma ba a naɗa magajinta ba. Iri ya gauraye, ingancin auduga ya faɗi, masaƙun da za su saya kuma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar siffar ta sake bayyana a zinariya. Da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza wajen 2009, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa ga haƙa. Masu haƙa da yawa, dillalan da ke da jari da sikeli da hanyar fitarwa kaɗan, kuma sau da yawa mai sayen shi ne ya ba da kuɗin aiki tun farko. Akwai kuma wata asara da ba ta shiga farashi ko kaɗan: dutsen yana ɗauke da dalma, ana dakansa a cikin gidaje, kuma cikin 2010 aka gano cewa gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara cikin Afrilu 2019 saboda matsalar 'yan bindiga. Hanin bai rufe ramuka duka ba, sai dai ya kori mai saye na fili ya bar na ɓoye, wanda ba a iya yi masa ciniki. An ɗage shi cikin Disamba 2024.