Nasabar Gidan Ɗantunku a Ƙasar Kazaure

Sarautar da ke riƙe da Roni, Gwiwa da Achilafiya ta gidan Yarimawa ce, zuriyar Ɗantunku, Bafulatanin da ya taimaki jihadi a arewacin Kano. A 1819 ya ƙi yi wa Sarki Ibrahim Dabo mubaya'a, aka gwabza yaƙi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa gidan ƙasarsa. Ɗansa Dambo ne ya kafu a Kazaure.

Da Nasara suka ci Kano a 1903, Muhammadu Mayaƙi ɗan Dambo suka tarar bisa karaga, kuma ba su taɓa salsalar ba. Sai dai abin lura, tabbatar da magaji, wanda a da hakkin Sakkwato ne, ya koma hannun Gwamna.