Bindigar Bayan Ƙofa

A ɗakin mahaifina a Tampuy, nan Wagadugu, akwai wata tsohuwar bindigar toka jingine a bayan ƙofa. Tsatsa ta ci bakinta, kotarta kuma an ɗaure da fatar sa. Da ita muka taso daga Zanguwetin a 2003, lokacin da aka rushe tsohuwar unguwar Hausawa don aikin ZACA. Ta kakan mahaifina ce, wanda falke ne mai kora shanu zuwa Kumasi ya komo da goro. Duk inda ayari ya ya da zango a dawa, ita ke kwana a gefen tabarmarsa.

Ina yaro na ɗauka rashin kuɗi ne ya hana shi mallakar wadda ta fi ta. Sai da na girma na gane ba shi kaɗai ya yi wannan zaɓi ba.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) ana kawo ta daga Nupe, Babba Zaki (1768-1776) kuma shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram, Sarki Tanimu har igwa ya sa aka ƙera masa. Amma waɗanda ke hannun fatake galibi daga bakin teku suke hawowa, ƙirar Bamingam ta Ingila ko Liyej ta Beljiyam, masu tashi da ƙanƙara, ana ɗura musu albarushi ta baki.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, suka hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya. Ta toka da albarushin kasuwa kawai aka bar musu. Sun san abin da suke tsoro, domin a daidai lokacin maƙeran Samori suna kwaikwayon bindigar Gras ta sojan Faransa. A 1896 Bule ya shiga Wagadugu da sojojinsa. Daga nan bindiga mai kyau ta zama ta mai mulki, talaka kuwa sai abin da doka ta rage masa.

Duk da haka tsofaffinmu ba su raina ta ba. Mahaifina ya ce dalilansu uku ne. Na farko, duk maƙerin ƙauye yana iya gyara ta. Na biyu, ba ta zaɓen abinci, in babu darma guntun ƙarfe ya isa. Na uku, ƙararta da hayaƙinta su ne rabin aikinta, don abin da falke ke so shi ne kura da ɓarawo su san zango ba barci yake ba. Aibinta ma sananne ne: raɓa ko yayyafi na kashe ta, kuma kafin ka sake ɗuri abin da ka harba ya iso ka. Shi ya sa ake mata laƙabin harbi-ka-ruga, shi ya sa kuma ba a kwana sai da wuta, da kare, da kwari da baka.

Abin da ya tuno mini da wannan tarihi shi ne zuwan ɗan baffana bara. Yana da garke a daji arewa da gari, an sace masa shanu sau biyu, ya zo neman gudummawa ya sayi bindigar farauta mai lamba 12 ya ajiye a mashekari. Tun 2015 dajin ƙasar nan ya canza. A Janairun 2020 aka yi dokar 'yan sa-kai na VDP, makami ya yawaita a hannun farar hula, zargi ma ya yawaita.

Mahaifina ya daɗe shiru, sannan ya ce masa: “Ɗana, kakanmu kura yake kora. Kai kuwa in masu tayar da ƙayar baya suka gan ta, za su ce kai ɗan sa-kai ne. In masu sintiri suka gan ta ba takarda, za su ce kai ɗan ta'adda ne. Wace bindiga ce za ta fid da kai daga tsakiyar nan?”

Bai saya ba. Ya sayar da rabin garken, ya matso da sauran kusa da gari kafin damina. Tsohuwar kuwa tana nan bayan ƙofa, jikoki na rataya hula a bakinta.