Daga Ƙarƙashin Kwando Zuwa Ƙarshen Sahu: Nazarin Rayuwar Wasan Tony Gonzalez a Ƙwallon Amurka, 1997–2013

Tsakure

Maƙalar ta nazarci rayuwar Tony Gonzalez, wanda ya yi kaka 17 a gasar NFL ta Amurka yana riƙe da gurbin da ake kira tayit-end. An dogara da alƙaluman wasanninsa da tarihin gurbin tun daga 1961. Binciken ya nuna cewa dabarar tare wuri da jiki, wadda ya taho da ita daga ƙwallon kwando, ita ce ta bambanta shi da magabatansa, amma ba ta yi masa rana ba sai da ya gyara hannunsa bayan kakar 1998. Maƙalar ta kuma ƙi yarda da auna shi da rashin kofin Super Bowl.

Gabatarwa

A ƙwallon Amurka kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11. Masu kai hari suna da dama huɗu su matsa gaba da yadi goma, ko dai ta gudu da ƙwallo a hannu, ko ta jefa ta ga abokin wasa. A gaba akwai sahun ƙarti biyar da aikinsu kare majefin ƙwallo, wato kwatabak, kuma doka ta hana su cafe jifa. Dab da kafaɗar na ƙarshe a cikinsu ne tayit-end yake tsayawa, shi ya sa a nan za a kira shi ɗan ƙarshen sahu. Aikinsa biyu ne masu karo da juna. Wani lokaci ya tokare ƙaton ɗan tsaro domin mai gudu ya samu hanya, wani lokaci kuma ya sulale cikin fili ya cafe ƙwallo. Na farko yana son nauyi, na biyu yana son sauƙin jiki da taushin hannu, kuma da wuya a samu mutum ɗaya da Allah ya haɗa wa duka.

Gonzalez bai ƙirƙiri cafe ƙwallo a wannan gurbi ba. Mike Ditka na Chicago Bears ya cafe 56 na yadi 1,076 a kakarsa ta farko a 1961. John Mackey ya biyo da gudu da ƙarfi a Baltimore. Daga 1979 koci Don Coryell ya riƙa janye Kellen Winslow daga sahu a San Diego yana tsayar da shi inda ya ga dama. Shannon Sharpe ya yi ritaya bayan kakar 2003 da cafewa 815 da yadi 10,060. Tambayar binciken ita ce: me Gonzalez ya ƙara a kan wannan gado har ya zarce Sharpe da cafewa fiye da 500?

Tasowa da wasanni biyu

An haife shi ranar 27 ga Fabrairu, 1976, a Torrance ta jihar Kalifoniya, ya yi sakandare a Huntington Beach. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda manyan yara suka riƙa cin zalinsa yana ƙarami. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya haɗa ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando, kuma yana cikin tawagar kwandon da ta kai zagayen ƙungiyoyi 16 a gasar jami'o'in ƙasar a 1997. Tsawonsa wajen mita 1.96 ne, nauyinsa kimanin kilo 112. A ƙwallon kwando na ƙwararru wannan tsawo bai isa mai wasa a ƙarƙashin kwando ba. A ƙwallon Amurka kuwa ya fi yawancin masu tsaronsa. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1997, Kansas City Chiefs ta yi musayar gurbi domin ta matso gaba, ta ɗauke shi a lamba ta 13.

Kakar 1998 da abin da ya biyo baya

Nan ne marubucin wannan maƙala yake ganin gindin labarin yake. A kakarsa ta farko Gonzalez ya cafe ƙwallo 33. A ta biyu ya cafe 59, amma fiye da 15 sun suɓuce masa bayan sun taɓa hannunsa, har magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu a filin Arrowhead. Ɗan wasan da aka yi musaya dominsa, in ya ƙara kaka ɗaya irin wannan, yawanci sai a ce an yi asara.

Maganin da ya nema na gumi ne. Ya mayar da cafe ƙwallo aikin yau da kullum: kafin atisaye, da lokacin da saura ke hutawa a gefen fili, da bayan an tashi. Bai daina wannan ɗabi'a ba har ya bar wasa. A 1999 ya cafe 76, ya kai ƙwallo gidan abokan karawa sau 11, aka gayyace shi wasan taurari na Pro Bowl karo na farko cikin 14 da zai samu. A 2000 ya cafe 93 na yadi 1,203. A 2004 ya cafe 102, ya fi kowa a gasar baki ɗaya, har da macafan gefe waɗanda cafewa ce kaɗai sana'arsu.

Dabarar kwando a filin ciyawa

A ƙwallon kwando, idan jifa ta kuskure ta dawo, wanda ya riga ya sa bayansa tsakanin abokin karawa da kwando shi ke ɗaukar ta, ko da ɗayan ya fi shi tsalle. Wannan ilimi Gonzalez ya kai tsakiyar fili. Macafin gefe yana neman tserewa da gudu domin ya samu sarari. Gonzalez kuwa ba ya bukatar sararin. Yakan yi gudun yadi takwas ko goma, ya juya, ya kafa ƙugunsa da kafaɗarsa a gaban mai tsaronsa, ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙwallo nesa da ƙirjinsa, inda hannun ɗan tsaro ba ya kaiwa. Ko an manne masa, a wurin majefi a buɗe yake.

Wannan ya jefa masu tsaro cikin tsaka mai wuya. In aka haɗa shi da ɗan tsaron tsakiya mai nauyi, ya fi shi iya juyi. In aka haɗa shi da ɗan tsaron baya mai gudu, ya fi shi tsawo da faɗi. In aka sa mutum biyu, an buɗe wa wani hanya. Amfanin abin ya fi fitowa a dama ta uku, lokacin da ake neman 'yan yadi kaɗan kada ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, da kuma kusa da gida, inda fili ya ƙuntata gudu ya rasa amfani. Hatta murnarsa ta kwando ce, domin yakan yi tsalle ya zura ƙwallo ta saman sandar raga. Gasar ta haramta hakan a 2014, bayan ɗan ƙarshen sahu Jimmy Graham ya karkatar da sanda a Atlanta.

Adalci ya sa a faɗi abu biyu da ke rage wa wannan hujja kaifi. Na farko, wata doka ta 1978 ta hana ɗan tsaro bangazar macafi bayan yadi biyar, kuma a 2004 aka umarci alƙalan wasa su tsananta aiki da ita, wato a daidai kakar da ya cafe 102. Zamani ya taimake shi fiye da yadda ya taimaki Ditka da Mackey. Na biyu, a wajen tokare abokan karawa ba shi ne gwanin gwanaye ba, shi ya sa Chiefs ta riƙe Jason Dunn domin wannan aiki mai nauyi. Sai dai dokar kowa ta shafa, kuma shi ya ci moriyarta tsawon lokaci. Cikin wasanni 272 da ƙungiyoyinsa suka buga a kaka 17, biyu kacal ya rasa, a gurbin da ake cin karo a kusan kowace dama.

Shaidar tasirinsa tana ga waɗanda ƙungiyoyi suka nemo bayansa. Antonio Gates bai buga ƙwallon Amurka a jami'a ba, kwando ya buga a Kent State, amma San Diego ta ɗauke shi a 2003, kuma shi ne ya karya tarihin Gonzalez na kai ƙwallo gida a wannan gurbi a 2017. Graham ma kwando ya fi bugawa a Jami'ar Miami. A 2014 har sai da aka je gaban mai sasanci a kan ko a biya shi a matsayin ɗan ƙarshen sahu ko macafin gefe, bambancin da ya kai wajen dala miliyan biyar. Wannan shari'a kaɗai ta nuna nisan da gurbin ya yi daga inda ya faro.

Atlanta da batun kofi

Bayan kakar 2008, wadda Chiefs ta ci wasa biyu ta sha kaye 14, aka miƙa shi ga Atlanta Falcons a Afrilun 2009. Ya bar Kansas City da cafewa 916. Yana da shekara 33, lokacin da yawancin takwarorinsa ke haramar ajiye kwalkwali, amma ya ƙara 409 cikin kaka biyar tare da majefi Matt Ryan.

Masu rage masa daraja sukan ce bai taɓa buga Super Bowl ba, kuma gaskiya ne. Sau biyar ya shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ana fitar da ƙungiyarsa a wasan farko. Sai ranar 13 ga Janairu, 2013, ya ɗanɗana nasara, inda Atlanta ta doke Seattle 30–28. Saura daƙiƙu a tashi ya cafe jifar yadi 19 da ta ba Matt Bryant damar bugun da ya raba gardama, kuma an gan shi yana kuka a fili. Mako guda bayan haka San Francisco ta fitar da su 28–24.

Wannan ma'auni na kofi bai dace da gurbinsa ba. A Janairun 2004 Chiefs ta ci maki 31, masu tsaronta suka bari Indianapolis ta ci 38, kuma Gonzalez ba ya cikin fili sa'ad da ake zura musu waɗannan maki. Abin da ke hannunsa shi ne cafewa 1,325, da yadi 15,127, da kai ƙwallo gida sau 111. Ranar da ya yi ritaya bayan kakar 2013, Jerry Rice kaɗai ya fi shi yawan cafewa a tarihin gasar. A 2019 aka shigar da shi Zauren Gwarazan wasan da ke Canton ta jihar Ohio, kuma shi ne ɗan ƙarshen sahu na farko da aka zaɓa a shekarar farko da ya cancanta.