Kan burtu da dajin da ya ƙare

Kan burtu ba abin ado ba ne, kayan aiki ne. Masassaƙi kan fafe itace mara nauyi da gizago ya fitar da dogon wuya, baduku ya lulluɓe shi da fata, wani lokaci a ɗora bakin tsuntsun na gaske, a manna idon zakara. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara. Barewa ta saba ganin burtu yana kiwo a ƙasa, ba ta gudunsa, har kibiya ta same ta.

Ana cewa yaudara ce kawai. Amma ba mai iya wannan yaudara sai wanda ya daɗe yana kallon tsuntsun, ya san takunsa da tsayuwarsa, ya san inda iska ke kai warin mutum. Ba mu kaɗai muka san sassaƙa siffar dabba ba: a da mutanen Yup'ik na Alaska sukan sassaƙa fuskokin itace masu siffar kifin salmon, su yi rawa da su a lokacin sanyi don roƙon kifin ya dawo. Tasu addu'a ce, tamu dabara, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu sun fito daga hannun mutanen da cinsu ya rataya ga sanin dabba.

Zargi mafi nauyi shi ne cewa maharba ne suka ƙarar da namun daji. Tarihin Damargu bai yarda ba. Sa'ad da Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851, ƙasar gero ce mai ciyar da Abzin, dajin arewacinta kuwa, wajen Tenhiya ta yau, na barewa ne da jimina da mariri, alhali an daɗe ana farauta a can. Mai baka dabba ɗaya yake samu bayan wunin rarrafe. Abin da ya zo daga baya dabam ne: bindiga da mota, farin 1973 da na 1984, gonaki da rijiyoyin da suka kutsa cikin makiyaya. An keɓe dajin Gadabeji don kare namun daji tun 1955, duk da haka a 2000 aka tabbatar mariri ya ƙare a daji. Daga Tanut zuwa Belbeji, maharbi ya rasa abin da zai duƙa wa, masassaƙi kuma ya koma sassaƙar turmi da ƙotar fartanya.