Hanyar Sakkwato zuwa Jega: Tarihinta da Kulawar da Take Bukata

'Yan'uwa mazauna birane, duk wanda zai zo gida Sallah a cikinku, ko daga Legas ya taso ko daga Sakkwato, hanya ɗaya ce za ta sauke shi Shagari, wato wadda ta bi ta Boɗinga ta ratsa garinmu, ta wuce Tambuwal da Jega da Yawuri har Kwantagora. A takardun gwamnatin tarayya sunanta A1.

Kafin mota, fatake ne ke bin wannan yanki da jakuna zuwa kasuwar Jega. Da Turawa suka shimfiɗa dogo, reshensa ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Wannan ne asalin nauyin da ke kan hanyarmu, domin man fetur da taki da simintin Kalambaina da shanu da albasa duk a bayan tirela suke bi ta ƙofar gidajenmu.

Injiniyoyi sun ce kwalta ma tana da shekarunta, galibi kimanin 20 ake tsara mata, ita kuwa gada 50 ko fiye. Amma da sharaɗi. Ana toshe tsaga tun tana ƙarama, a yashe lambatu da kwalbati kafin damina, a ƙara sabon shafe kafin tsohon ya mutu. In aka bar ruwa ya shiga ƙarƙashi, marmarar da aka daɓe sai ta jiƙe ta yi laushi, daga nan sai rami. Wani gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan ninku wajen sau 16. Mai yin lodi fiye da ƙima, ashe, dukiyar jama'a yake ci.

Iyayenmu sun san leburorin Ma'aikatar Ayyuka, kowace ƙungiya da yankin da take kula da shi, da shebur da baro. A ganinmu rasa wannan tsari ya fi komai cutar da mu. Abin da ya maye gurbinsa shi ne jira har hanya ta lalace, sannan a ba da kwangila. Asusun PTF da aka kafa a 1994 ya yi gyare-gyare, aka rushe shi a 1999. Hukumar FERMA ta zo a 2002. Ambaliyar 2010, wadda ta yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna abin da ruwa ke iya yi wa gini.

Marigayi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne shi ma, ya riƙe Ministan Ayyuka na tarayya daga 1965 zuwa 1966. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar kankare daga Illela zuwa Badagiri, wadda gwamnati ta ce tun zamanin shugabancinsa aka yi tunaninta. Muna maraba da ita, sai dai ba za ta yashe mana kwalbati ko ɗaya ba.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta buɗe littafi, a rubuta kowace gada da kwalbati daga iyakarmu da Yabo zuwa ta Tambuwal, da halin da take ciki. Injiniyoyin da ke cikinku su duba shi duk shekara a watan Afrilu, a miƙa wa FERMA da wakilanmu na majalisa kafin ruwan farko ya sauka.