Inshorar lafiya ta zama dole a Nijeriya: wa doka ke hukuntawa?

Tun ranar 19 ga Mayu, 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, shiga tsarin inshora ya zama wajibi a kan duk mazaunin Nijeriya. Dokar ta maye gurbin ta NHIS ta 1999, wadda ta bar shiga ga ganin dama, har aka wayi gari akasarin masu cin moriyarta ma'aikatan gwamnatin tarayya ne.

Sashe na 14 ya ambaci duk ma'aikata da iyayen gidansu, na gwamnati ko masu zaman kansu, muddin ma'aikatan sun kai biyar. Ya haɗa da masu sana'ar hannu da sauran jama'a. Ke nan ɗan kasuwa mai yaran shago biyar yana ciki, ko ya sani ko bai sani ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne batun hukunci. Laifuffukan da sashe na 48 ya jero sun fi karkata ga waɗanda kuɗin ke bi ta hannunsu: uban gidan da ya ƙi biyan kason da ke kansa, ko ya cire daga albashin ma'aikaci ya riƙe, da kamfanin da ya danne haƙƙin asibiti, da asibitin da ya ƙi duba mai rajista. Laifin farko na jawo tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun, kuma hukuncin na ƙaruwa idan aka maimaita. Amma babu wata tara da aka yanka ƙarara wa mutumin da bai yi wa kansa rajista ba. Amurka ta taɓa gwada irin wannan tara a dokarta ta 2010, kafin ta mayar da ita sifili daga 2019.

Matsin da ya fi shafar 'yan kwangila ya zo ne a Satumban 2025, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya umarci ma'aikatun tarayya su riƙa neman takardar shaidar NHIA kafin ba da kwangila ko lasisi. Wannan ya fi tara cizo, domin ba sai an je kotu ba.

A Katsina, aikin yana hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ma'aikaci ana cire masa daga albashi. Manomi ko mai awo a Damari, cikin ƙaramar hukumar Sabuwa, ba shi da albashin da za a cira, sai dai ya biya da kansa, ko ya samu shiga sahun masu rauni da dokar ta ware wa asusu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu nakasa da marasa galihu. Wani ɓangare na kuɗin yana fitowa daga asusun lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. A yankin Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara kuwa, inda 'yan bindiga suka sha tare hanyoyi, katin inshora bai wadatar ba sai mai shi ya iya isa asibitin da aka yi masa rajista.