Majalisar da Talaka Bai Zaɓa Ba

A Yelwa ta birnin Bauchi akwai harabar jami'ar da ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a watan Mayu na 1963 ya sha bamban da Kwame Nkrumah a Addis Ababa kan yadda Afirka za ta haɗa kai. Nkrumah na son gwamnati ɗaya nan take, shi kuwa Firaministan Nijeriya ya ce a bi a hankali, a fara da cuɗanya da tattalin arziki. Ra'ayin masu bi a hankali ne ya yi rinjaye, kuma a kan wannan turba aka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Inda aka fi daɗewa shi ne majalisar dokokin ƙungiyar: har yau babu mai katin zaɓe a Yelwa, ko a Kumasi, ko a Dakar, da ya taɓa dangwala wa wakilinsa na ECOWAS yatsa. Wannan giɓi, a ganina, shi ne tushen raunin majalisar, kuma tarihin takwararta ta Turai ya nuna haka.

Majalisar Turai ma da wakilan aro ta fara. A watan Satumba na 1952 ta yi zaman farko a Strasbourg da wakilai 78, waɗanda majalisun ƙasashe shida suka turo don sa ido kan hukumar kwal da ƙarafa. Shekaru da dama aikinta bai wuce ba da shawara ba, ministoci su ji ko su yi watsi. A 1970 da 1975 aka ba ta iko kan kasafin kuɗi, amma ba ta taɓa ƙin kasafi ɗungurungum ba. Sai a watan Yuni na 1979 jama'ar ƙasashe tara suka zaɓi wakilai 410 kai tsaye, Simone Veil ta Faransa ta zama shugaba. Wata shida bayan haka, a Disamba, sabuwar majalisar ta yi fatali da kasafin 1980 gaba ɗaya. Dokar da ta ba ta wannan iko tana nan tun kafin zaɓen. Abin da ya canza shi ne wakilan sun san wanda ya aiko su.

Daga nan iko ya riƙa ƙaruwa mataki-mataki. Yarjejeniyar Maastricht, wadda ta fara aiki a 1993, ta ba majalisar damar yin doka kafaɗa da kafaɗa da majalisar ministoci a wasu fannoni, ta Lisbon kuma a 2009 ta faɗaɗa hakan zuwa yawancin dokoki. A Maris na 1999 matsin lambar majalisar kan zargin almundahana ya sa Hukumar Tarayyar Turai ta Jacques Santer ta yi murabus baki ɗaya. Yau wakilai 720 ne daga ƙasashe 27, ana zaɓensu duk shekara biyar, suna zama rukuni-rukuni bisa aƙidar siyasa, ba bisa ƙasa ba. Har yanzu Hukumar ce ke gabatar da ƙudurin doka, amma ba ta kama aiki sai majalisar ta amince da ita.

Tamu kuwa an tanade ta a yarjejeniyar Kwatano ta 1993, aka ƙaddamar da ita a Bamako a Nuwamba 2000 ƙarƙashin Ali Nouhoum Diallo na Mali, mazauninta Abuja. Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram kuma tsohon shugaban Nijar, ya jagorance ta daga 2006. A rabon kujeru 115, Nijeriya ta samu 35, Nijar 6. Takardun da suka kafa ta sun ambaci zaɓen kai tsaye, suka ce kafin nan majalisun ƙasashe su riƙa turo wakilai daga cikinsu. Wannan tsari na wucin gadi ya haura shekara 20. Sanatan da aka tura can ya san cewa kujerarsa ta Majalisar Dattawa ce mazaɓarsa za ta tambaye shi a kai, ta ECOWAS kuwa ƙari ce. Alhali ƙungiyar na rayuwa ne da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, kuma mai tebur a kasuwar Yelwan Tudu da ke sayar da batir da tocila yana biyan nasa kason cikin kuɗin sari ba tare da ya sani ba.

An ga illar wannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Shugabannin ƙasashe suka zauna suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa na ruɓewa a cikin buhu, 'yan uwan juna a Katsina da Maraɗi suka kasa ziyara. Muryar da ta taka wa batun tura sojoji birki ta fito ne daga Majalisar Dattawan Nijeriya da malamai da sarakunan Arewa. Majalisar ECOWAS ta yi muhawara, amma ba ta da ikon tsayar da komai. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa a Janairu 2025, kuma zarginsu cewa ƙungiyar ta shugabanni ce ya samu masu saurare domin talaka bai taɓa ganin hannunsa a cikinta ba.

Masu adawa za su ce zaɓe na cin kuɗi kuma ana maguɗi. Gaskiya ne, amma ana iya haɗa shi da ranar zaɓen majalisar tarayya, takardar ƙuri'a ɗaya kawai za a ƙara, kuma maguɗi bai sa mun soke zaɓen gwamna ba. Za su ce Nijeriya za ta danne ƙananan ƙasashe, sai dai rabon kujeru ya riga ya magance hakan, tunda a rabon kujeru 115 na kafin ficewar ƙasashen uku, ƙasar da ta fi rabin al'ummar yankin ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kujerun ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce Turawa kansu sun yi sanyi: masu fita zaɓen sun ragu daga kusan kashi 62 a 1979 zuwa ƙasa da 43 a 2014, Birtaniya kuma ta fice a 2020 duk da tana da zaɓaɓɓun wakilai. Wannan ya nuna zaɓe ba ya tabbatar da ƙauna. Abin da yake tabbatarwa shi ne wanda bai gamsu ba yana da wakilin da zai kayar, kuma masu sukar Tarayyar Turai sun shiga majalisarta da ƙuri'a sun faɗi ƙorafinsu a zaure.

Don haka duk gyaran da za a yi wa ECOWAS bayan ficewar ƙasashen Sahel ya kamata ya fara da sanya ranar zaɓen, a kuma haɗa shi da ikon ƙin kasafi da na amincewa da takunkumi kafin a rufe iyaka. Mutanen da rufe iyaka ke taɓa tukunyarsu sun cancanci wakilin da za su tambaya me ya ce ranar da aka yanke hukuncin.